Kalar Dawa a Bakin Titi

Ƙarar ta soma ne bayan an ɗauke wuta, sa'ad da fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit. Gurr, gurr, gurr, sai ta yanke kamar mai maida numfashi, sai ta sake ɗauka. Abdulganiyyu ya buɗe ido ya kasa kunne. Da fari ya zaci irin jiragen nan ne marasa matuƙi, waɗanda mutanen garinsu Gadarif suka koyi saurarensu tun da yaƙi ya matso. Amma wannan ba daga sama take zuwa ba. Daga ƙasa take, har yana jin ta a ƙafar gado.

Ya zunguri matarsa. "Amani, kina ji?"

"Ina ji. Ai ba yau aka fara ba, kai ne barcinka kamar na buhun gishiri."

"Mene ne?"

"Tashi ka gani da idonka, ya mudir. Ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba."

Ya kunna fitilar wayarsa ya ratsa tsakar gida, ya wuce motarsa, ya wuce sito, har ƙuryar baya inda wani ɗakin ciyawa yake tsaye shi kaɗai kamar baƙo a tsakiyar ginin siminti. Nan mahaifiyarsa, Hajiya Zainaba, wadda yake kira Yumma, take kwana. Ya gina mata ɗaki mai tayil da na'urar sanyi, ta ƙi shiga, ta ce bangonsa ba ya numfashi.

Ya ɗaga labule. Tsohuwar tana durƙushe gaban dutsen niƙa, wanda aka ce kakarta ce ta ɗauko ɗansa a ƙulle cikin zane tun daga Haɗeja, a tafiyar Makka da ba ta ƙarasa ba. Shekara da shekaru kaji ne suke shan ruwa a kansa. Yanzu ga shi an wanke shi, ga 'yar dawa a ƙoƙo wadda ba ta cika tafin hannu biyu ba.

"Yumma, me kike yi haka?"

"Abin da ka gani."

"Ga gari buhu-buhu a sito. Ga injin niƙa a bakin layi."

"Na san da su."

"To me ya kawo wannan?"

"Haƙorina ya fi son na dutse," in ji ta, ita da haƙora uku suka rage wa. Ta ci gaba da niƙanta.

Da safe Amani ta warware masa. Tun tsakiyar damina tiren Hajiya yake komowa a rufe kamar yadda aka kai shi, ita kuwa Amani tana ɓoyewa don kada rai ya ɓaci. Kullum bayan asuba tsohuwar takan ja sandarta ta tafi babban titin da ke shiga kasuwar amfanin gona, inda wani rami yake girgiza lorori, dawa ta zubo ta kafar buhu. Nan take tsugunawa ta yi kala tare da matan da yaƙi ya koro daga birnin Madani, masu kwana a azuzuwan makaranta. Abin da ta tsinta shi take niƙawa ta dama ta sha.

Abin da ya fara zuwa ran Abdulganiyyu ba yunwar uwarsa ba ce. Cewa ya yi, "Wa ya gan ta?"

Shi ne mudir, wato shugaban rumbun wani ofishin tallafa wa ƙananan manoma. Iri, da taki, da man tarakta, duk ta hannunsa suke bi kafin su kai ƙauye, kuma ba duka suke kaiwa ba. Mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare, wanda ba a yin zaman makoki a unguwa ba a gan shi a sahun gaba ba. Shi ne ya ajiye randunan ruwan sanyi a ƙofar masallaci. In liman ya ambaci kabari a huɗuba, shi ne farkon mai share hawaye, kuma hawayen na gaske ne. Ya taɓa korar wani ɗan dako saboda an ga dawa a aljihunsa, ya yi masa wa'azi a gaban jama'a har muryarsa na rawa, ya komo gida ya yi barci mai daɗi.

Yana da wata ɗabi'a da duk 'yan kasuwa suka sani. In magana ta zo wurin da za a ce an ajiye saƙo a bayan mota, ko a ce wata lori za ta kauce hanya, sai ya cire tabaransa ya shiga gogewa da bakin rawani. Ba tare da tabarau ba kuwa, ko fuskar wanda ke gabansa ba ya rarrabewa. Yakan yi ta gogewa har a gama, sannan ya maida. Saboda haka in ya ce, "Wallahi ni ban ga komai ba," ba ya jin ya yi rantsuwar ƙarya. Bai taɓa cewa ya ɗauka ba. An kawo, an ajiye, an rage, an karkata. A bakinsa abubuwa da kansu suke tafiya.

Ya san ranar da abin ya faro. A daminar nan ɗan ƙanen Hajiya, Mustafa, ya zo daga ƙauyen Gedambaliya da laka har gwiwa, yana neman irin da aka yi musu alkawari. Ruwa ya sauka, baƙar ƙasa ta buɗe baki, iri bai zo ba. Abdulganiyyu ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka yanka masa kaza, ya ce yaƙi ne ya tare hanya. Da Mustafa zai tafi ya biya ya yi wa gwaggonsa sallama, sai ya tarar da ƙofar sito a buɗe ana shara, ga buhunan irin nan jere a ciki. Ya zauna a bakin ɗakin ciyawa ya rufe fuska da hularsa, ƙaton mutum da furfura. Hajiya ta dube shi, ta dubi sito.

Da la'asar Abdulganiyyu ya je ya zauna a gefen gadon igiyarta, ya sassauta murya irin yadda yake yi wa masu bincike in sun zo daga sama.

"Yumma, mutane za su ce na bar ki da yunwa."

"Ka ce musu ba ka bar ni ba. Ni na bar ka."

"Albashina fa? Ai halalina ne. A ware miki daga ciki."

"In ka zuba madara a kwata, wane ludayi zai ware maka ita?"

Ya yi dariya, don a saninsa duk wanda ya ƙi karɓa ƙari yake nema. Bai taɓa haɗuwa da ƙofar da ba ta da mabuɗi ba. Ya ce zai kai ta Umra in hanya ta yi kyau. Ya ce zai gina rijiya da sunan marigayi babansa. Ya ce zai aika wa Mustafa buhu goma.

"Mustafa kaɗai ne ya shuka iska bana?"

"To me kike so, Yumma? Faɗi, ko mene ne."

"Ka maida wa mutane abinsu. In ba za ka iya zama a kujerar nan hannunka a cinyarka ba, ka tashi daga kanta. Babanka yankan dawa ya yi a gonakin mutane har bayansa ya lanƙwashe, ba mu kwana da yunwa ba."

"Ba ki san yadda abin yake ba. Na sama da ni suna ci. In na tashi, wanda zai zo ko randa ba zai sa a masallaci ba."

"To, Allah ya ba masallaci haƙuri," in ji ta, ta juya ga carbinta.

Ya fito ransa a jagule. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk faɗin garin nan babu wanda bai taɓa cin abincinsa ba, daga liman har ɗan sanda, sai wadda ta haife shi. Ya rasa sukuni a ofis. Yana sa hannu a takarda yana ganin tiren nan a rufe. Ya ƙudurta sai ta ci, ko ta wace hanya, kuma hanya ɗaya ya iya.

Ya kira direbansa Eltayeb. "Gobe kafin gari ya waye, ka ɗauki buhu ɗaya a sito, ka je wajen ramin nan na titin kasuwa, ka zazzaga shi a gefe kamar lori ce ta zubar. Kada kowa ya gan ka."

"Wane buhu, ya mudir?"

Hannun Abdulganiyyu ya riga ya kai ga tabarau. "Kowanne. Kada ka dame ni da wannan."

Washegari ya zauna a tsakar gida yana shan shayi da nishaɗi. Ya ji kansa ɗa nagari, mai dabara. Za ta ƙoshi, ba ta sani ba, ba wanda ya yi asara. Har ya tsokani Amani ya ce yau za ta ga Hajiya ta komo da kaya a ka.

Ta komo rana ta ɗaga, ba ƙoƙo, ba kaya. Ta tsaya a gabansa tana haki, ta jingina sandarta, ta buɗe masa tafin hannuwanta biyu. Jajaye ne kamar ta yi lalle.

"Ka san wannan?"

Ya sani. Jan maganin nan ne da ake cuɗa iri da shi don kada tsutsa ta ci shi a ƙasa. Eltayeb cikin duhu ya jawo buhun iri, ragowar wanda bai kai Gedambaliya ba.

"Wata yarinya 'yar Madani har ta cika zanenta, tana murna yau 'ya'yanta za su ci tuwo. Da hancina bai ji warin ba fa? Mun kwashe shi da hannu, mun haƙa rami mun binne. Sun ce farar mota suka gani."

"Eltayeb ne, Yumma. Jaki ne. Ni ban ce ya ɗauki wannan ba. Wallahi ko ganin buhun ban yi ba."

"Na yarda," in ji ta a hankali. "Ka taɓa ganin wani abu kuwa, Abdu?"

Ta ɗauki sandarta. Ta yi taku kaɗan ta waiwayo. "Titi ɗaya Allah ya bar mini. Ka bi ni har can."

Daga ranar ba ta sake zuwa kala ba. Ta ce yanzu ba ta san wace ƙwaya ce ta lori, wace ce ta ɗanta ba.

Akwai maƙwabciyarsu Hajar, gwauruwa mai toya kisra, wato siririyar wainar dawa, tana sayarwa a bakin layi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma a gindin katangar akwai wata kafa da kyanwa ke bi. Hajiya ta shirya da ita: za ta riƙa ɓare mata gyaɗa, ita kuwa ta miƙo mata kisra ɗaya da 'yar miya ta kafar nan. Aka yi kwanaki a haka. Fuskar tsohuwar ta ɗan komo, har aka ji ta tana yi wa kaji faɗa.

Da wani ne, sai ya bar abin haka ya gode wa Allah. Abdulganiyyu ya kasa. Uwarsa tana rayuwa da abincin mai toya kisra, shi yana nan da sito cike. Ya ji kamar an cire shi daga gidansa. Ya kori Eltayeb, ya ɗauki wani direban, ya aika shi gidan Hajar da buhun farar dawa mai kyau da galan na mai, a ce sadaka ce don marayu. Hajar tana da 'yan gudun hijira takwas a ɗakinta, dangin mijinta. Ta tsaya a kan buhun nan tsawon lokaci. Daga baya ta ja shi ciki.

Ba a jima ba Hajiya ta kira ta ta kafar katanga.

"Hajar 'yata, kisrarki ta yi fari kwanan nan. Ta yi faɗi kuma."

Hajiya ta leƙa cikin kwanon.

"Miya har da mai. Kasuwa ta buɗe ne?"

Sai kuka daga wancan gefen. "Ki yafe mini, Hajiya. Yara ne. Na rasa yadda zan yi."

"Ba ki yi laifi ba. Ki ba su su ci, su ba su da zaɓi. Allah ya raya su." Ta tura kwanon ya koma ta kafar da ya fito.

Bayan wannan babu kwanon da ta yarda da shi. Duk wanda ya kawo mata abu sai ta ga hannun ɗanta a ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa gaskiyarta ne, domin bai daina gwadawa ba. Ya bi ta hannun matar liman, ya bi ta hannun wata ƙawarta ta ƙuruciya. Akwai wata magarya da ta leƙo daga kangon bayan gida, 'ya'yanta suna faɗowa kusa da ɗakin ciyawa. Su take tsinta ta tsotsa, ta kora da ruwan zafi. Ta ce wannan dai ba wanda ya sa mata hannu, iska ce take kaɗo ta. Wani abin mamaki, tsuntsayen da suka saba wawashe magaryar nan sai suka daina sauka a reshen da ke cikin gidan. Amani ta rantse ta lura da haka.

Aka kira likita. Ya duba ta ya fito ya ce ba wata cuta, yunwa ce. Abdulganiyyu ya ja shi gefe ya ce, in an tambaya a ce ciwon suga ne da tsufa. Aka sa mata ƙarin ruwa tana barci. Da ta farka ta ga roba a hannunta, ta tambayi wanda ya saya, ta zare allurar da kanta.

Ran nan Abdulganiyyu ya tafi ofis da niyya. Ya faɗa wa Amani tun a gida cewa yau zai buɗe sito, a loda komai a kai ƙauye, ya rubuta takardar barin aiki. Ya ma tsara yadda zai durƙusa ya faɗa wa Hajiya, da yadda za ta ɗora hannu a kansa, da yadda labarin zai zaga gari a ce mudir ya tuba saboda uwarsa. Wannan na ƙarshen ya fi yi masa daɗin tunawa. Ya zauna a kujera ya jawo takarda. Sai ya tuna damina ta wuce, iri ba shi da amfani sai baɗi. Ya tuna in ya fito da kayan, za a tambayi inda suke tun da can. Ya tuna na sama da shi ba za su bar shi ya fita shi kaɗai da farar riga ba. Ya tuna ɗansa da ke karatu a Masar. Kowane tunani ya zo da hujjarsa a hannu, kamar masu ƙara a gaban alƙali, kuma duk ya ba su gaskiya.

Yana cikin haka wani ɗan kasuwa, Abuelgasim, ya yi sallama ya shigo da fara'arsa.

"Ya mudir, ina gajiya? Yaya jikin Hajiya? Allah ya ba ta lafiya, uwa ce ga kowa." Ya zauna, ya rage murya. "Maganar takin nan ce. Akwai ɗan saƙo, yaro yana wajen mota."

Abdulganiyyu ya buɗe baki zai ce a'a. Ya ji kalmar a kan harshensa. Sai ya ga fuskar Abuelgasim ta zama hazo, ya duba, ashe tabaran yana hannunsa, yana goge shi da bakin rawani.

Da ya komo gida Amani ta tare shi da ido. Ya ce, "Sai bayan kaka. Abin yana son tsari." Ta ɗauke butar shayi.

Hajiya ta kai har sanyi ya shigo. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, ta sa aka kira shi. Ya shiga ya durƙusa. Ta zama kamar kara a cikin zane, sai idanun nan. Ya kama hannunta ya fashe da kuka, kukan gaske, irin na huɗuba.

"Yumma, ki yafe mini."

"Nawa na yafe tun kana ciki."

"To ki sha ko kunu ne. Cokali ɗaya. Don Allah, don Annabi. Kada ki tafi ba ki ci komai nawa ba."

Ta daɗe tana dubansa. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta shafa gemunsa, kamar yadda take yi masa yana yaro in zazzaɓi ya kama shi.

"Na mutane ba nawa ba ne, Abdu. Ba ni da ikon yafe shi. Ba ni da ikon haɗiye shi."

Ya riƙe cokalin a bakinta har kunun ya huce. Leɓenta bai buɗe ba. Kafin azahar ta cika.

Hajar ce ta yi mata wanka. Ta fito tana cewa ba ta taɓa ɗaga babban mutum mara nauyi irin wannan ba, sai wata tsohuwa ta daka mata harara ta yi shiru.

Jana'iza ta yi jama'a. An kafa rumfa ta tare layi gaba ɗaya, motoci har bakin titi. Manyan ofis sun zo, 'yan kasuwa sun zo, kowa ya ɗaga hannu ya yi Fatiha ya rungume Abdulganiyyu, ana cewa ya yi wa uwarsa abin da ɗa yake yi, suga dai ba ya jin magani. Yana amsawa da kai. Can wajen yamma ya soma jin kamar haka ɗin ne.

Ranar sadakar uku, tun da safe ya sa aka kawo bijimi aka ɗaure a ƙofar gida. Ya ce a ciyar da unguwa, a kai har makarantar 'yan gudun hijira, kada a bar kowa, ladan ya isa ga Hajiya. Matan layi suka taru a tsakar gida da manyan tukwane, aka jera murhu, aka hura wuta. Ya zo da kansa ya buɗe sito, ya tura ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, buhuna jere har rufi. Ya koma gefe yana jiran a ɗiba.

Ba wadda ta motsa. Amani ta sunkuyar da kai. Ruwa ya soma tafasa a tukwane.

Hajar ce ta matso, muciya a hannunta, idanunta a kumbure. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta yi ta ne kamar mai neman a nuna mata hanya.

"Ya mudir, da wace dawar za mu yi mata sadakar?"